Mu masu kallon dirama mun fi 'yan wasan canzawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Edita ina gaisuwa, ya aiki ya haƙuri da irinmu masu dogon surutu. Don Allah a ɗan ba ni fili, kuma in ka ga munka da sunka sun yi yawa cikin wasiƙar ga kar ka sa a gyara man su zuwa Kananci, a bar su yadda suke, daga Sakkwato nike rubutu kuma maganar harshen ma tana cikin abin da ya sa na zauna ina latsa waya da yatsa ɗaya har kusan sha biyun dare.

Ga abin da ya tunzura ni. Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune falo bayan isha'i, na ƙirga mu takwas ne, talabijin na manne ga bango tana ta magana ita kaɗai babu mai kallonta, wayoyi biyar na hannu, uku daga ciki ashe fim ɗaya suke kallo amma kowa da inda ya kai, wannan na kashi na 40 wancan na 43 kuma an yi yarjejeniya kar wanda ya gaya ma wani abin da ya faru. Can sai jikata, wadda nike kira amarya, yarinya 'yar shekara 16, ta ja tsaki har na zaci wani abu ya cije ta. Na ce amarya lafiya? Ta ce maigida dubi don Allah, wai wagga mata kwana bakwai tana asibiti ba ta san inda kanta yake ba amma ga sabon lalle ga gashin ido na kanti, wanga darakta ya raina muna wayo. Kafin in rufe baki har ta rubuta mai ƙorafi ƙarƙashin fim ɗin, kuma ta ce man yana karantawa, wai ya taɓa ba wata ƙawarta amsa.

Na yi shiru ina kallonta. Ni da nike shekarunta, wanda ya fito a tsoho cikin wasa hoda anka barbaɗa mai ga gemu, in ya yi atishawa rabin furfurar ta tashi sama, kuma wallahi ban taɓa jin wani ya ce an raina mai wayo ba. Dariya munka yi munka ci gaba da kallo, mun yarda tsoho ne tunda an ce tsoho ne.

Bari in koma baya kaɗan saboda yaran da za su karanta. Talabijin a ƙasar ga Ibadan ta fara a 1959, Kaduna ta samu a 1962, mu nan sai tsakiyar shekarun 1970 tashar ta iso, lokacin Sakkwato na hedikwatar jihar Arewa maso Yamma kafin a raba a 1976, daga baya a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin duka ƙarƙashin NTA. A unguwarmu gida biyu kacal ke da akwatin, kuma da gaske akwati ne, na katako mai ƙafafu huɗu da ƙyaure biyu da makulli, baƙi da fari, ga eriya an ɗaure ga dogon gora bisa soro, in iska ya kaɗa sai a tura yaro sama yana juyawa ana kwarara mai ihu daga ƙasa, ya yi, a'a koma, tsaya nan. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma, dare na yi a sa taken ƙasa a rufe, allon ya koma shuuu kamar ana yayyafi. Maigidan da muke zuwa wurinshi, Allah jiƙan shi, sharaɗinshi biyu ne, ka wanke ƙafa kuma ka yi sallar magariba, wanda bai cika ba sai dai ya leƙa ta taga. Ƙauyuka kuwa akwai wuraren kallo da gwamnati ta kafa, injin wuta na ƙara mutane na zaune ƙasa har daga ƙauyen maƙwabta.

To mi muke nema ga wasa a lokacin? Abu kaɗan ne. Mu yi dariya, mu gane mutanen da ke ciki, kuma magana ta ƙare a daren. Wanga na ƙarshe yaran yanzu ba su san shi ba sam. Wasa minti 30 ne ko abin da ya ɗan fi, za a ɗauko rigima ɗaya, ko dillalin da ya ci amanar kuɗin shanu, ko uban da ya karɓi kayan mutum biyu kan ɗiya ɗaya, ko bokan da ke damfarar mata, a yi ta cacar baki, kafin a tashi an kai gaban alƙali ko hakimi ko wani dattijo an yanke, maƙaryaci ya ji kunya kowa ya watse ya kwana da sanin inda gaskiya take. Da za a rufe wasa mugu na dariya da an kwana ana zagin tasha.

Mu nan Idon Matambayi munka tashi da shi, na tasharmu ta Sakkwato, da harshenmu tsantsa, mutum ya buɗe baki ka ji kamar maƙwabcinka ne na Ƙofar Rini ko wani mai rumfa a tsohuwar kasuwa. A rediyon Rima kuma ga Duniya Budurwar Wawa. Daga Kaduna Samanja Mazan Fama na zuwa muna, Usman Baba Pategi wanda shi kanshi tsohon soja ne shi ya sa rayuwar bariki ta zauna mai daram, Hausa da Turancin soja a cakuɗe har wanda bai je boko ba na kwashewa da dariya. Jos na da Karkuzu na Bodara, Kano na da Kuliya Manta Sabo, ga Ƙasimu Yero da Karambana. Kowane gari da bakinshi, kana jin magana biyu ka san daga ina wasan ya fito. Kuma galibin waɗannan bayin Allah ba rubutaccen zance suke haddacewa ba, ana gaya masu yadda labarin zai tafi ne, kai ne mai bin bashi kai ne wanda ake bi, sauran kowa ya ciro daga cikinshi, shi ya sa karin magana da habaici da baƙar magana ke fita kamar a bakin kasuwa. Ɗakin wasan kuwa tabarma ce da buta da bangon katako da anka shafa ma fenti, in an bugo ƙofa da ƙarfi bangon duka ya yi rawa. Babu wanda ya damu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har wasan Turanci na ƙasa baki ɗaya akwai hannun Sakkwato ciki. Peter Igho a tashar Sakkwato ya yi aiki kafin ya tafi Jos ya shirya Cock Crow at Dawn wajen 1980, wasan da anka yi don jawo hankalin mutane ga noma, Sadiq Daba da ya fito a Bitrus shi ma ya zauna nan, Ƙasimu Yero kuma shi ne Gaga. Ka duba fa, wasa kan gona da taki da rancen noma, kuma Najeriya kaf na zaune tana jiran shi duk mako. Yau ka ce ma yaro zo ka kalli dirama kan noma ka ga irin kallon da zai maka.

'Yan wasan kuma mun san su ido da ido, wani ma'aikacin tasha ne wani malamin makaranta wani masinja a ma'aikata, da safe ka gamu da shi bisa keke. Wata gwaggona mai saida fura ta taɓa ƙin saida ma wani ɗan wasa saboda daren jiya ya saki matarshi cikin talabijin babu laifin tsaye babu na zaune, ta ce mai tashi ka ba ni wuri azzalumi, sai da mutane sunka taru ana ba ta haƙuri ana ce mata wasa ne, ta ce ita ta gani da idonta. Mutumin dariya ya yi ta yi, ya ce wannan ta fi mai albashin wata.

Amma Malam Edita kar in yi irin ta tsofaffi in ce komai na da zuma ne. Ba haka ba ne. Haƙurin da ake yabonmu da shi rabinshi rashin zaɓi ne, tasha ɗaya ce, in ba ka so sai ka tashi ka kwanta. Kuma tashar ta gwamnati ce, ita ke biya ita ke faɗin abin da za a koya muna, lokacin UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976 kowane wasa sai an sako uban da ya ƙi sa ɗanshi makaranta, lokacin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo da na Shagari da ya biyo baya kowa ya koma manomi, da anka shiga yaƙi da rashin ɗa'a a 1984 sai bin layi da shara, ga allurar rigakafi. Wasu wasannin wa'azin ma'aikatar yaɗa labarai ne kawai anka sa ma hula da babbar riga. Ana iya taɓa dillali da boka da ɗan kamasho da malamin tsibbu, amma ban taɓa ganin an taɓa gwamna ba, ina, wa ya isa zamanin soja. Sauti wani lokaci kamar daga cikin rijiya, kuma a maimaita maka wasa ɗaya sau uku cikin wata biyu ka zauna ka sake kallo kamar ba ka taɓa gani ba. Mun yarda da wannan duka don ba mu san akwai wani abu bayanshi ba.

Kaset ne ya fara ɓata mu, in ɓaci ne. Tun da 'yan ƙungiyar wasa ta Tumbin Giwa na Kano sunka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990 kasuwa ta buɗe, a 1992 kuma anka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi nasu. Ranar da mutum ya fara ciro kuɗi daga aljihunshi ya kai shagon haya ya zaɓi kaset, ranar ya daina zama ɗan makaranta gaban talabijin ya koma mai saye, kuma mai saye yana da baki. Dama finafinan Indiya sun daɗe da shiga jinin mutane tun zamanin silima, to sai ga tambayar da ban taɓa ji ba a da, waƙa nawa ke ciki? Ina tsaye wani shago a Mabera wata yarinya ta maido kaset ta ce a canza mata wai babu waƙa ko ɗaya. Daga nan kyakkyawar fuska ta fara fin iya magana daraja, tsoho mai karin magana ya koma uban yarinya da ke fitowa sau biyu ya ce ban yarda ba sannan ya ce na yarda. Sai faifan CD, sai masu tura fim ga memori a bakin titi, sai dish ya cika rufin gidaje. Wannan zamanin ba zan daɗe kanshi ba, kowa ya san shi kuma an sha rubutu a kai.

Da Arewa24 ta zo a 2014 na yi murna ƙwarai, don Daɗin Kowa ya sake tara gida wuri ɗaya, ni da uwargida da yara da jikoki, ana gardama kan wa ke da gaskiya kamar da. Na ce to abin ya dawo. Ashe ɗan taƙi ne. Shekarar korona, 2020, da anka kulle mutane gida, masu shirya fim sunka koma YouTube da dogon zango, irin su Izzar So da Labarina sunka kama, kowa ya ja wayarshi ya shige ɗaki da abin kunne. Kuma ba na Hausa kaɗai ba, ga na Indiya da na Turkiyya da anka fassara da Hausa, har na Koriya yaran ga na kallo. Idon da ya saba da fadar sarkin Turkiyya da dawaki ɗari da kiɗa mai tada tsikar jiki, ka ce ya dawo ya yarda da bangon katako mai rawa? Ba zai yiwu ba, kuma ban ga laifinsu nan ba.

Gaskiya akwai inda masu kallon yanzu sunka fi mu nesa ba kusa ba. Idonsu a buɗe yake. In likitan fim ya riƙe allura ba daidai ba akwai ma'aikaciyar jinya cikin masu kallo da za ta faɗa, in lauya ya yi abin da ba a yi a kotu akwai ɗalibin shari'a na jami'ar Ɗanfodiyo da zai rubuta, in anka ce labarin zamanin da ne sai ga agogo ga hannun dogari ko wayar lantarki bayan fada, kafin gari ya waye an ɗauki hoton wurin an zagaye da jan layi an watsa Facebook. Suna son sauti mai kyau, suna son dalili, in mutum ya yi arziki a nuna ta ina, in ya shiryu a nuna mi ya shiryar da shi, ba wai a rubuta bayan shekara biyar ba a wuce. Kuma suna son a taɓa manya. Kwana Casa'in da ya fito da siyasa da cin hanci da yadda ake juya 'yan jarida, zamaninmu ko a mafarki. Nan kam na sara masu.

Inda nike da magana shi ne mun zama masu baki biyu, kuma da ni ciki. Ka zauna kowace majalisa a garin ga, daga Gawon Nama har Runjin Sambo, za ka ji ana cewa 'yan fim sun ɓata tarbiyya, ba su nuna al'adarmu, kullum soyayya kullum gidan bene da motoci. To wa ke kallon gidan benen? Aljanu? Da gwamnati ke biyan kuɗin wasa, yanzu mu ke biya, da datarmu da idonmu, YouTube na biyan mai fim gwargwadon tallar da anka gani cikin fim ɗinshi, mai maganin gargajiya da mai atamfa da mai saida filaye su ma ba su kai talla sai inda jama'a ta taru. Ke nan duk inda munka danna nan kuɗi ke zuwa, kuma darakta ba mahaukaci ba ne, yana da iyali. Abin da munka danna jiya shi za a dafa muna gobe.

Na ga wannan da idona. Wasu samari da na koyar a firamare, yanzu sun girma, sun haɗa kuɗi sunka shirya wasa kan manomin albasa na fadama da yadda dillalai ke cinye wahalarshi, ya noma ya kai kasuwa farashi ya faɗi, ya ajiye ta ruɓe, ga bashin taki ga ɗiya ta isa aure. Da Sakkwatanci sunka yi shi, cikin gona ta gaske, har da wani tsoho da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba amma in ya yi magana sai ka ji gashin jikinka ya tashi. Wallahi na yi hawaye wuri biyu. Sun sa shi intanet, wata guda waɗanda sunka kalla ba su kai mutanen ɗaurin auren ɗan kasuwa ɗaya ba, kuma rabinsu danginsu ne. Sai sunka yi fushi sunka ari gidan wani Alhaji da motoci biyu, sunka yi labarin ɗan mai kuɗi da ya ɓad da kama ya zama direba don ya gwada budurwa, labarin da an yi shi ya fi a ƙirga, sunka koma Kananci har da ɗan Turanci a tsakiya. Wannan kam ya tafi. Ɗayansu ya zo gaishe ni na ce kai ɗana mi ya kai ku ga wanga shirme, ya sunkuyar da kai ya ce Malam na farkon kai ka yaba, na biyun shi ya biya kuɗin kyamara. Ban samu abin ce mai ba. Kuma in faɗi gaskiya ko da ta kaina ce, na biyun ni ma sai da na kai ƙarshenshi, wai ina son in ga ko yarinyar za ta gane.

Maganar harshe kuwa tana ci man rai. Yau in ka ji Sakkwatanci cikin dirama to duba da kyau, mai gadi ne, ko boka, ko baƙauyen da ya zo birni yana tsoron fanka. Likita ba ya cewa munka, gwamna ba ya cewa wanga, jarumin da ake so ba ya cewa mi kac ce. Harshen da anka yi wa'azi da waƙoƙin jihadi da shi, garin da Nana Asma'u ta koyar da mata, garin manyan makaɗan fada, ya koma abin ba da dariya na minti biyu. Ban ɗora laifin ga Kanawa ba, su kasuwarsu sunka gina kuma sun yi ƙoƙari. Mu ne in ɗanmu ya yi da harshen gida muke cewa bai waye ba. Jikokina a gida Sakkwatanci suke yi, amma in suna kwaikwayon masoya sai baki ya juye, kamar ba a iya cewa ina sonki da harshen Hubbare.

Wani abin da ke ɗaure man kai shi ne haƙuri. Ana cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, kuma haka ne ta wani gefe, in anka daɗe ana gaisuwa cikin fim sai ka ga yatsa na tura shi gaba, gaisuwar da mu ita ce rabin daɗin wasan, yadda talaka ke durƙusawa gaban hakimi yana ranka ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, nan gwaninta take, su kuwa sun ce ɓata data ne, balle da anka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025. Amma yaron da ba ya iya jiran gaisuwar minti ɗaya shi ne zai bi labari ɗaya shekara uku, zango bayan zango, kashi ɗari da wani abu, ana ja mai rai kamar ɗanko, duk mako a yanke daidai inda anka buɗe ƙofa ba a nuna wa ya shigo ba. Mu muna jiran mako ɗaya a ba mu labari cikakke, su suna jiran mako ɗaya a hana su ƙarshen labari, kuma in anka ƙare da wuri su yi fushi. In jaruma ta bar fim anka sa wata a madadinta sai ka ce zaɓe anka murɗe, har da masu rantsuwa sun daina kallo, mako na zagayowa su ne sahun gaba. Darakta na karanta wannan duka, in ya ga ana son wane sai a ƙara mai fitowa ko da labarin bai buƙata, in ya so kashe wane a yi mai ca sai ya fasa, a ce ashe suma ya yi. Labarin da mutum dubu ke tuƙawa ina za shi?

Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, suna nasu ƙoƙari, amma hukuma na iya tace abin da anka kai mata ne, ba ta iya shiga ɗakin jikata ta tace abin da yatsanta ke so.

Sannan ga abin da ni nike jira ban gani ba sosai. Muna zaune jihar da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah sunka ga tashin hankalin da ba a faɗa, ga mata da yara da sunka baro ƙauyukansu suna kwana cikin kangaye a cikin garin ga, ga manomin da ke biyan kuɗi kafin ya shiga gonarshi. Wasan da, duk da takunkumin da ke bakinshi, yana ɗauko abin da ke damun unguwa a makon. Na yanzu da ke da 'yanci da kyamara mai kyau da jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, ya fi son ya nuna muna rikicin gado a gidan da ke da wurin wanka na iyo. Na tambayi amarya ko za ta kalli fim kan 'yan gudun hijira, ta yi tunani ta ce maigida wannan ai muna ganinshi ga hanyar makaranta kullum, in na kunna waya so nike in huta. Na so in yi mata faɗa sai na tuna mu ma lokacin tsadar kaya da layin sabulu da madara na shekarun 1980 dariyar Samanja muke jira mu manta. Sai na yi shiru, amma har yanzu ban gama yarda da amsarta ba.

Malam Edita roƙona biyu ne. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025, Allah jiƙan su da rahama. Nan Sakkwato akwai sauran tsofaffin da sunka yi wasan talabijin da na rediyo tun farko, wasu na zaune gida ido ya yi rauni, yaran unguwarsu ma ba su san ko su wane ne ba. Ku turo wakilinku ya zauna da su ya ɗauki maganarsu, yadda ake shirya wasa babu takarda, nawa ake ba su, mi anka hana su faɗa. Na biyu, duk wanda ke da tsohon kaset na waɗannan wasanni, a tasha ne ko a cikin adaka a gida, don Allah a fito da shi a juye ga na'urar zamani tun zafin garin ga bai gama cinye shi ba.

Shekaranjiya na sa wani ɗana ya lalubo man guntun Samanja a YouTube, na kira amarya na ce zo ki ga namu. Ta zauna tana yamutsa fuska wai hoton duk hazo kamar an ɗauka cikin hunturu, wai sautin na shiga kunne. Ina lura da ita dai, ta yi dariya sau biyu, na biyun har da riƙe ciki. Da ya ƙare ta ce to sa na gaba mu ga yadda za ta kaya, na ce babu na gaba ai magana ta mutu nan, an yi hukunci kowa ya tafi gida. Ta dube ni ta ce kai maigida, labari mai daɗi haka sunka ƙarar dare ɗaya, ai da ni ce sai na ja shi zango biyar.

In wakilin naku zai zo ya biyo ta hannunku a sanar da ni, ina da ɗan babur, na san gidajen mutum uku daga cikinsu, kuma ya zo da safe don in rana ta take tsofaffin ba su iya dogon zama.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Mabera, Sakkwato.